Tayar Wutsiya: Yadda Abin Da Kowane Matuƙin Jirgi Ya Iya Ya Koma Sai Da Sa Hannun Malami

Maƙalar wannan mako daga wata gardama ta fito, wadda ta kaure a majalisarmu ta Ƙofar Sauri bayan la'asar. Wani ƙanenmu mai walda ne ya miƙo waya yana nuna mana zanen jirgin saman da yake mafarkin ƙerawa da bututun ƙarfe da injin babur. Ya sa taya biyu a gaba ƙarƙashin fuka-fuki, sannan wata 'yar ƙarama can a wutsiya. Nan take wani abokinmu ya tuntsire da dariya, ya ce ai ka juya jirgin baibai, duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya san tayar jirgi ta uku a hanci take. Mai walda ya ce shi a wani tsohon hoto ya gani. Aka yi ta yi har aka kira magariba ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Dukansu biyu suna da gaskiya, shekaru ne kawai suka raba su. Kuma da muka bi diddigin maganar sai muka tarar wannan 'yar tayar tana ɗauke da tarihin yadda ake koyon tuƙin jirgi, da wanda aka buɗe wa ƙofar koyon, da wanda aka bari a waje.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, a filin dawaki, zamanin Sarkin Kano Usman. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Hartum da yammacin Sudan da ƙasar Chadi, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Wannan saukar ita ake lissafawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Nijeriya, kuma ta cika shekara 100 a 2025. Jiragen ƙirar DH.9A ne, masu fuka-fuki hawa biyu, gangar jikinsu katako da yadi, mutum biyu kowanne yake ɗauka. Ko tayar wutsiyar ma ba su da ita. Wani ɗan sanda ne mai takalmin ƙarfe yake jan ƙasa a baya, kuma shi ne burkin, domin tayoyin gaba ba su da burki.

Ba don rashin wuri aka sauka a filin dawaki ba. Irin wannan jirgi fili mai faɗi yake so, mai ciyawa ko ƙasa mai taushi, inda matuƙi zai duba daga ina iska take busowa ya fuskance ta kai tsaye, sandan baya ya kama ƙasa ya riƙe wutsiya. Filin da aka share wa dawaki ya cika waɗannan sharuɗɗa. Mu Katsinawa da muka gaji ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, muka kuma ji labarin bajintar Sarki Usman Nagogo a kan doki, ba sai an yi mana dogon bayanin irin wannan fili ba.

Sai aka fara shimfiɗa wa jirage titi da kwalta da kankare. Sandan ƙarfe ba ya kama kwalta, santsi yake yi yana cinyewa, don haka aka maye gurbinsa da 'yar taya, aka kuma sa wa tayoyin gaba burki. Amma titi fuska biyu kawai gare shi. Idan iska ta buso daga gefe, matuƙi ba shi da zaɓin juyawa ya fuskance ta, dole ya sauka tana tura shi. Daga nan wahalar tayar wutsiya ta fito fili.

Ga yadda abin yake, da misalin da kowa ya sani. Keke Napep taya ɗaya gare shi a gaba, biyu a baya, kuma nauyinsa yana gaban tayoyin nan biyu. Idan yana tafiya gaba ya ɗan kauce, nauyin da kansa yana taimaka masa ya miƙe. Haka jirgi mai taya a hanci yake. Yanzu ku ƙaddara an sa wa Napep ribas an taka shi da gudun kilomita 80 a awa. Tayoyi biyu ne suke jagora, nauyi yana bayansu yana turowa. Da zarar ya ɗan karkace, nauyin nan zai nemi ya wuce tayoyin ya koma gaba, kuma duk ƙaruwar karkatar ƙaruwar ƙarfin juyawar ce. Kafin a ce kwabo ya yi hajijiya. Jirgi mai tayar wutsiya a haka yake gudu a ƙasa duk lokacin tashi da sauka. Idan ya ƙwace, fiffike ɗaya ya kan daki ƙasa, ƙafar taya ta karye, wani lokaci farfela ta sari titi. Idan kuma matuƙi ya firgita ya danne burki da ƙarfi, jirgin ya kifa a kan hancinsa.

Maganinsa a ƙafa yake. Akwai feda biyu da suke juya faifan da ke tsaye a wutsiya, kuma matuƙi ba ya barin ƙafafunsa su huta: ɗan taɓa dama, ɗan taɓa hagu, tun kafin karkatar ta girma. Wanda ya jira sai idonsa ya tabbatar jirgi ya kauce, ya makara. Mahaya doki za su gane wannan fiye da direbobin mota, domin da cinya ake jin doki zai bauɗe kafin ya bauɗe. Ga kuma wata matsalar: tunda wutsiya tana ƙasa, hanci yana sama ya tare gaba, matuƙi sai ya riƙa tafiyar maciji a kan titi yana leƙe ta gefe.

A shekarun da jirgin sama ya kafu a ƙasarmu, babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin wata ƙwarewa ta daban. Shi ne tuƙin jirgi, babu wani. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano da jirgi ƙirar DH.86, mai tayar wutsiya. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can ake harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Masar. An fara a Satumba 1940, kuma jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Na farkon ƙirar Hurricane da Blenheim ne, duka wutsiyarsu a ƙasa. Ku ƙiyasta samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai, sa'anninmu, suna sauke irin waɗannan a Kano cikin hazon hunturu, ko gab da hadarin damina lokacin da iska take juya fuska ba sallama. Bayan yaƙi jirgin DC-3 ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja tsakanin garuruwan Nijeriya. Wanda ya shige shi ta ƙofar baya sai ya hau tudu kafin ya kai kujerarsa, saboda jirgin a jingine yake da wutsiya.

Sauyin daga kasuwa ya zo. Kamfanonin Amurka masu ƙera ƙananan jirage sun lura cewa wahalar sauka tana korar masu saye. Piper ya fito da Tri-Pacer mai taya a hanci a 1951. A 1956 Cessna ya ɗauki jirginsa 170, ya mayar da tayar wutsiya hanci, ya kira shi 172, yana tallarsa da cewa saukarsa kamar tuƙa mota. Jirgin nan ya zama wanda aka fi ƙerawa a tarihin jiragen sama, makarantu suka rungume shi. Cikin shekara talatin aka sami matuƙa masu lasisi, har da malamai, waɗanda ba su taɓa jin wutsiya tana neman wuce su ba.

Mu kuma makarantarmu a daidai wannan gaɓar aka haife ta. A 1964 aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO, wadda ita ce kwalejin NCAT ta yau. Burin a bayyane yake: ƙasa ta sami 'yanci, kamfanin Nigeria Airways yana buƙatar 'yan ƙasa a kujerar gaba. Zariya ta yi wannan aiki, ta fitar da matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirga, cikinsu har da Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, wadda daga baya ta shugabanci kwalejin. Jiragen koyon da aka san Zariya da su, Cessna 172 da Tampico da Diamond na baya-bayan nan, duka tayarsu a hanci take. Babu laifi a nan. Wanda za a ɗora a kan Boeing ba ya buƙatar wani abu daban.

Akwai wani labari daga Kaduna da ya kamata mai waldarmu ya ji. Daga ƙarshen shekarun 1980 wani kamfani mai suna AIEP ya fara harhaɗa wa sojan saman Nijeriya jirgin koyo da aka raɗa wa Air Beetle, guda 60 aka yi oda. Asalin zanen na kamfanin Van's ne na jihar Oregon, wanda sana'arsa sayar wa masu sha'awa sassan jirgi su haɗa da hannunsu a garejin gida. Zanen kashi biyu ne: RV-6 mai tayar wutsiya, da RV-6A mai taya a hanci. Na biyun aka zaɓa. Wato jirgin da ya koya wa hafsoshinmu tashi, a ƙasarsa ta asali kayan nishaɗin malaman makaranta ne da 'yan fansho. A nan kuwa bai taɓa fita daga bariki ba.

To, ita dokar sa hannun daga ina ta fito? Da tsoffin jirage masu tayar wutsiya suka riƙa faɗawa hannun matuƙan da ba su koye su ba, sai hajijiya a kan titi ta yawaita. Hukumar FAA ta Amurka ta sa doka: daga 15 ga Afrilu 1991, ba wanda zai jagoranci jirgi mai tayar wutsiya sai ya yi horo da malami mai izini, malamin ya rubuta a kundin sa'o'in tashinsa cewa ya gan shi ya iya. An fayyace abin da za a koya: tashi da sauka a iska ta gaba da ta gefe, sauka a kan tayoyin gaba biyu kafin a aje wutsiya, da yadda ake fasa sauka a sake tashi idan abu ya ɓaci. Wanda ya riga ya jagoranci irin jirgin kafin wannan rana an ɗauke masa. Turai ma tana da makamancin haka, horon bambanci da malami yake sa wa hannu a kundi.

Abin da ya fi jan hankalinmu a dokar shi ne abin da ba ta faɗa ba. Ba ta yanka sa'o'i ba. Babu jarrabawar takarda, babu jami'in gwamnati da zai zo ya gwada ka. Malami ɗaya ne zai zauna a bayanka ko a gefenka har ya gamsu, ko a awa biyar ko a ashirin, sannan ya sa sunansa da lambar lasisinsa. Idan gobe ka kifar da jirgi, za a buɗe kundin a ga wa ya ce ka iya. Mu a garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wannan ba baƙon tsari ba ne. Haka ake karatun zaure: ka karanta littafi a gaban malam, ya ba ka izini, shi ma wani ya ba shi. Haka yaron mota yake zama direba ranar da ubangidansa ya miƙa masa makulli ya koma kujerar gefe. Kuma raunin tsarin ɗaya ne a ko'ina. Idan a gari babu sauran wanda ya karanta littafin, babu mai ba da izininsa, komai yawan masu son karatu.

Ɗaya ɓangaren dokokin Amurka ya fi ba da mamaki. Tun 1982 suka ware wani rukuni na jirage marasa nauyi waɗanda ba a neman lasisi ko rajista ko takardar likita kafin a tuƙa su. Sharaɗin shi ne jirgin ya zama na mutum ɗaya, nauyinsa ba mai ba mutum ya gaza kilo 115, tankinsa kada ya wuce lita 19, gudunsa kada ya zarce kusan kilomita 102 a awa, a tashi da rana, kuma kada a bi ta kan cunkoson jama'a. Hikimar ita ce, idan ka yi ganganci kanka kaɗai za ka cuta. Irin wannan jirgi ko tayarsa a wutsiya take, doka ba ta tambayar sa hannun kowa. Sai dai iskar gefe ba ta karanta doka ba, kuma jirgi mai kujera ɗaya ba shi da wurin zaman malami, shi ya sa masu hankalinsu suke fara biyan kuɗin horo a jirgi mai kujera biyu. Daga nan aka jera matakai: lasisin matuƙin nishaɗi na 1989 mai buƙatar aƙalla awa 30, na matuƙin wasanni na 2004 mai awa 20, sai cikakken lasisin matuƙi mai zaman kansa mai awa 40. Kowane mataki da iyakar abin da ya halatta maka, kuma wanda ya hau matakin lasisi, dokar tayar wutsiya ta hau kansa.

Ba mu ce a kwafo wannan tsari yadda yake ba. Ƙasar da take fama da 'yan bindiga a dazukanta, har jirgi maras matuƙi sai da izinin hukuma ake ɗaga shi, ba za ta bar kowa ya tashi sama ba rajista ba, kuma mu da muke Katsina mun fi kowa sanin dalili. Abin da muke nunawa shi ne tsani. A can mai walda yana da matakin farko da zai taka. A nan hanyar da matashi ya sani guda biyu ce: ko ya shiga soja, ko iyayensa ko gwamnatin jiharsa su biya miliyoyin naira a Zariya ko Ilori ko ƙasar waje. Arewa ba ta rasa manya a harkar ba. Kano ta yi Kabo Air, Katsina ta yi Max Air, ta kuma ba da ministan jiragen sama wanda shi kansa matuƙi ne, Hadi Sirika. Saman tsanin a cike yake, ƙasan ne babu matakala.

A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa. A wannan shekarar ce kuma a Kpong ta ƙasar Gana wata budurwa, Patricia Mawuli, take aikin tumɓuke kututture a wani ɗan filin ƙananan jirage. Masu filin suka ɗauke ta koyo. A 2009 ta sami lasisin tuƙa jirage marasa nauyi, ta koyi harhaɗa su da gyaran injinsu, ta koma tana koya wa 'yan mata. Ba wanda zai ce ta fi ɗalibin Kano basira. Ita ta sami fili, da jirgi mai kujera biyu, da malami, da lasisin da aka yanka daidai da ƙaramin jirgi. Mu da muka yi difloma mun san ƙarshen irin aikin da ba shi da waɗannan: a yi masa fenti, a ɗauki hoto ranar baje koli, ya ƙare a bayan ɗakin gwaji ƙura tana binne shi.

Kada wani ya ce ai tayar wutsiya kayan tarihi ce, me ya dame mu. Ku tambayi manomin shinkafa a Kebbi ko na alkama a kwarin Haɗeja abin da tsuntsayen jan-baki suke yi wa gona cikin kwana biyu. Idan garken ya yi yawa, da jirgi ake bin makwancinsu a yi feshi da almuru. Jiragen da aka ƙera musamman don feshin gona, irin su Air Tractor da Thrush da tsohon Piper Pawnee, kusan dukansu wutsiyarsu a ƙasa take har gobe. Dalilin shi ne na 1925: suna tashi daga burji da fako, ba daga kwalta ba. Hanci a sama yana nisanta farfela daga tsakuwa, kuma 'yar tayar baya ta fi jure rami da kunya a kan doguwar ƙafar hanci, ga ta ba nauyi. Duk wanda zai zauna a wannan kujera, komai yawan sa'o'insa a manyan jirage, sai wani ya koya masa aikin ƙafa, kuma shi ma mai koyarwar sai da wani ya koya masa.

Mun koma majalisa da wannan bayani bayan kwana uku. Mai dariyar ya karɓi hoton DH.9A ya daɗe yana kallo, ya ce to shi wannan ina burkinsa. Mai walda kuwa da ya ji misalin Napep a ribas sai ya yi shiru, ya karɓi biro ya goge 'yar tayar daga wutsiya ya mayar da ita hanci. Mun sa ya yi mana alkawari a gaban yayansa cewa ko ya gama ƙerawa ba zai hau ya gwada tashi ba. Ya yarda, amma ya ce yana da tambaya: idan ya tara kuɗin awa goma na horo, ba na zama matuƙin Max Air ba, na ya iya ɗaga ƙaramin jirgi ya sauke shi lafiya kawai, wace mota zai shiga daga tasha, kuma wa zai tarar a can? A cikinmu akwai mai difloma a injiniyan lantarki, akwai malamin sakandare, akwai wanda ya yi hidimar ƙasa a Zariya. Babu wanda ya ba shi amsa.